Ɗakin da Aka Hana wa Yaɓe

Har yau idan na ji ana tallar yawon buɗe ido a rediyo, ana cewa a zo a ga kayan tarihi, sai in miƙa hannu in kashe. Jikokina sun ɗauka tsufa ne ya sa na daina son surutu. Haushi ne, kuma na san ranar da na fara jin sa.

Garinmu tsohon gari ne, ba shi da nisa da Gashuwa. Akwai ragowar ganuwa a gabas da shi, inda awaki ke hawa su kwanta, mu kuma muna yara nan muke ɓuya idan an aike mu mun ƙi zuwa. A shekarun 1980 ina koyarwa a wata firamare a Nguru, da aurena da 'ya'yana ƙanana, sai an yi hutu nake zuwa gida in duba mahaifiyata, wadda muke kira Iya. Baba ya riga ya rasu. Iya na zaune a ɗakin da ya gina mata da hannunsa shekarar da aka kawo ta, soro ne na ƙasa mai rufin azara, bangonsa da kauri, idan ka shiga da bazara sai ka ji kamar an zuba maka ruwa a ka. Baba masunci ne, kuma babban goransa na su, wanda yake kifa cikinsa a kai ya bi ruwa, yana rataye a azara tun ranar da ya ajiye shi. A kusurwa akwai jeren tukwanen Iya, wasu na uwarta ne. A ɗakin ta haife mu, a ciki Baba ya cika, kuma babu wanda bai taɓa jin ta faɗa ba cewa ita ma ta wannan ƙofar za a fitar da ita. Ba ta roƙi kowa komai a duniya ba sai wannan.

Wanda bai tashi a gidan ƙasa ba bai san cewa ɗakin ƙasa ciyar da shi ake yi ba. Kowace shekara, idan zafi ya kai zafi, kafin shamuwa ta sauka a kan bishiyoyi ta sanar da damina, mazan unguwa sukan haɗu su bi gidaje suna yaɓe. A haƙo ƙasa daga kududdufi, a cuɗa ta da ciyawa da kashin jaki, a bar ta ta ruɓa, sannan yara su shiga su taka. Maza su hau soro su toshe duk inda ya dare, su share indararo, su bi bayan bango su mayar masa da abin da ruwan bara ya wanke. Iya ta girka burabusko da miyar bandar kifi a babbar tukunya. Cikin ɗakin kuwa ba ta barin kowa ya taɓa, ita take shafe shi da tafin hannunta, shatin yatsunta ya fito a jere kamar baka-baka tun daga ƙasa har iyakar inda hannunta ya kai.

A cikin yaran da suke taka ƙasar nan babu wanda ya kai Yaya. Ɗan ƙanen Baba ne, uwarsa ta rasu yana goye, Iya ta karɓe shi ta shayar da shi, don haka ni ban taɓa sanin ba cikinmu ɗaya ba sai da na yi wayo. Shi ne mai tsalle a cikin kwaɓin ƙasa har ta kai masa gwiwa, da ya girma kuma shi ne mai fara hawa soron Iya. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce jahilci ne ya sa shi abin da ya yi. Da baƙo ne daga wata ƙasa, da na yi masa uzuri tuntuni.

Yaya ya yi karatu a Maiduguri, ya dawo ya sami aiki a wani sabon ofishi da aka buɗe don zagayawa da baƙi. Shekarun fari ne, gero na ƙonewa a gona, kogi ya zama rairayi, amma ɗan ruwan da ya rage a fadama yana tara tsuntsaye, su kuma tsuntsaye suna jawo Turawa da wasu 'yan boko daga kudu. Yaya yakan tarye su a tashar jirgin ƙasa ta Nguru, ya zuba su a jif, ya fara karanto musu haddarsa. Ku zo da sanyi, kada ku zo da bazara. Ku sa malafa. Ku riƙe ruwanku a gora. Idan za ku shiga ɗakin mutane ku cire takalmi. Da sassafe ya sa su a kwale-kwale su kalli dinya da kirinjijiya ta madubin hangen nesa, washegari ya kai su Yusufari su hau tudun rairayi su sayi dabino, rana ta ƙarshe kuma ya kawo su garinmu su ga tsohon birni. Gaskiya ya iya baki. Ko ni da nake ƙanwarsa, idan yana magana sai in ji kamar ban taɓa ganin dinya ba.

Matsalarsa ɗaya, ganuwa ba ta burge kowa. Tarin ƙasa ce da kashin awaki. Baƙi sukan tsaya su yi hamma, su duba agogo. Yana bukatar abin da yake da ƙofa, wanda za a sunkuya a shiga, sai ya tuna da ɗakin Iya.

Ranar da na fara ganin abin da idona ina gida hutun ƙarshen shekara. Jif ta tsaya a ƙofar gida, Yaya ya shigo gaba da sallama, mutum biyar ko shida na biye da shi, kowa da kyamara a wuya. Iya ta rasa inda za ta sa su don murna, ita dai a yi mata baƙi. Ta ɗebo ruwa a randa ta miƙa musu a moɗa, kowa ya karɓa ya kai baki ya miƙa wa na kusa da shi, moɗar ta dawo a cike. Daga baya na ji cewa wannan ma yana cikin haddar Yaya, wai a karɓa a taɓa da leɓe, kada a sha. Sannan ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya fara Turanci, ya manta, ko kuma bai damu ba, cewa Turancin nake koyarwa. Ya ce ɗakin nan tun zamanin yaƙe-yaƙe yake, tun ana rufe ƙofar ganuwa, ɗaruruwan shekaru, kuma tun da magabata suka gina shi hannu bai sake taɓa shi ba.

Da suka fita na ja shi gefe.

"Yaya, Baba ne fa ya gina ɗakin nan."

"Malama, ki riƙe allinki, ki bar mini nawa aikin," ya ce yana dariya. "Wa zai taso daga Legas ya zo ganin ɗakin Baba?"

Ni ma na yi dariya a ranar, don na ɗauka ƙarya ce irin wadda ba ta cin kowa. Amma akwai wata Baturiya a cikinsu mai ido, wadda ta sa farce ta kankare bangon, ta duba, ta ce ai wannan yaɓen sabo ne. Na ga yadda fuskar Yaya ta canza. Ya yi 'yan kame-kame, ya ja su waje ya nuna musu turmi.

Da bazara ta matso ya je wurin Iya shi kaɗai. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, yadda yake yi yana yaro, ya ce mata bana kawai ta bar yaɓe. Ya ce ogansa zai zo duba wurin, idan ya ga bango sumul zai ce ƙarya yake yi, kuma ta ga yadda ake ta korar ma'aikata, da matarsa da 'ya'yansa ina za su nufa. Iya ba ta taɓa iya ce masa a'a ba, tun yana maraya a bayanta. Ta ce ta yi alkawari. Bai tsaya nan ba, ya wuce wurin Bulama, mai garinmu, ya sa aka kafa allon ƙarfe a ƙofar gidanmu mai rubutun Turanci, ya ce duk wanda ya sa hannu a bangon nan da gwamnati yake faɗa. Zamanin soja ne. Mazan unguwar da suka ci burabuskon Iya shekara da shekaru suka zo ƙofarta a zagayen yaɓe, suka kalli allon, suka wuce gida na gaba.

Bana kawai ta zama baɗi, baɗi ta zama wata baɗin. Kowace bazara da sabon dalili, kowace damina kuma sama ta taya shi, don ruwan da ake yi bai fi ya jiƙa bayan akuya ba. Bango ya fara zubar da fata. Wata tsaga ta taso daga gefen indararo ta gangaro, farko kamar zare, daga baya har ƙadangare na shiga. Yaya ya ji daɗin tsagar nan fiye da yadda zan iya faɗa. Ya samo 'yar sanda yana nuna ta da ita, yana sa baƙi su zura hannu a ciki a ɗauke su hoto. Kafin su iso yakan aiko a ce Iya ta tura rediyonta da kwanonin samira ƙarƙashin gado, ta cire atamfa ta ɗaura wani tsohon baƙin saƙi da ta daina sawa tun muna yara. Matar da ko ƙura ba ta yarda ta kwana a bakin randarta, aka mai da ita tsohuwar da ke zaune a kango, kuma ita ce take yi musu wushe-wushe, wato sannu-sannu, da fara'a.

Na yi magana har na gaji. Na ce ta zo Nguru ta zauna da ni, ta ce ba ta ga abin da zai raba ta da ɗakinta ba. Na ce to a gyara shi, ta ce ta yi wa ɗanta alkawari. A wata bazara zuciya ta kawo mini iya wuya, na biya ta Gashuwa na ɗauko wani magini, Bamange, baƙo a garinmu, wanda bai san Bulama ba balle ya ji tsoron allo. Muka shigo gari a a-kori-kura da kayan aikinsa. Iya na maƙwabta, don haka ya samu ya shiga ya duba. Ya soka wuƙa a kan azara inda ta shiga bango, gari ya zubo masa a fuska, gara ta cinye cikinta. Ya hau sama ya sauko yana girgiza kai, ya ce soron ya zama kamar rariya, idan aka samu ruwan kirki na kwana biyu ba ya ɗaukar alhakin kowa.

Muna cikin haka Iya ta dawo. Ta kalli magini, ta kalli kayan aikinsa, ta je ta tsaya a ƙofar ɗakin ta dafa gefe da gefe.

"Wa ya aiko shi?"

"Ni ce, Iya. Ɗakin nan zai faɗo miki."

"Na ce wa yayanki ba za a taɓa ba."

"Yaya a gidan bulo yake kwana! Ruwa ba ya zuba a kansa!"

"Ke, rufe mini baki. Idan aka kore shi ke za ki ci da 'ya'yansa? Ni na goya shi. Ba zan zama sanadin tozartarsa ba."

"To shi fa? Shi bai san ke kika goya shi ba?"

Ta juya ta gaishe da magini, ta tambaye shi hanya, ta zuba masa abinci, ta jira ya ci ya ƙoshi, sannan ta ce Allah ya kai shi gida lafiya. Ni kuwa na zauna a bakin murhu ina kuka don takaici. Ban san wanda na fi jin haushi ba a ranar, shi ko ita. Da yamma na gan ta a cikin ɗakin ta tsaya gaban tsagar, ta ɗora tafin hannunta a kai tana shafawa a hankali, hannu babu ƙasa. Ta fi kowa sanin halin da ɗakin yake ciki.

Da na koma Nguru ban sauka a gida ba, na wuce tasha, don an ce mini Yaya na can yana sallamar baƙinsa na ƙarshe a shekarar. Na same shi a rumfar mai shayi, jirgi ya tashi, yana fifita da malafa. A kan wata bishiya bayan rumbunan ajiyar kaya, shamuwa ta riga ta sauka, suna ta ɗauko kara.

"Yaya, ɗaga kai ka duba can."

Ya duba, ya faɗa mini sunanta da Turanci, har da ƙasar da take fitowa.

"Ban tambaye ka sunanta ba. Ka san abin da zuwanta yake nufi. Kai ne kake hawa soron nan."

"Wane ruwa kuma, Malama? Yaushe rabonmu da ruwan da zai rushe ɗaki? Duniya ta canza, ruwa ya ƙaura."

"Magini ya ce azara ta mutu."

"Magini aiki yake nema. Ki yi haƙuri bana kawai, akwai manyan baƙi da za su zo da sanyi. Suna tafiya ni da kaina zan gina mata ɗakin bulo da kwano a gefe."

"Ta ce maka tana son bulo? Ɗakinta take so. Kalma ɗaya za ka faɗa mata, ka ce ka sake ta daga alkawarin nan. Gobe ma sai a kwaɓa ƙasa."

Ya kurɓi shayinsa, ya ce zai duba. Na tsaya ina kallon sa, mutumin da muka ci a kwano ɗaya, na ga ko a jikinsa. Na faɗa masa a gaban mai shayi da 'yan dako cewa ya ci amanar nonon da ya sha. Ya ce in ji tsoron Allah, mutane na ji. Bai je wurin Iya ba.

A shekarar ruwa ya dawo. Ba wanda zai manta da wannan daminar a ƙasarmu. Sama ta buɗe kamar tana biyan na shekarun baya, fadama ta cika, kogi ya kawo har mutane na zuwa gadar Gashuwa don kallo kawai. Kowa na murna, masunta sun ciro homarsu, manoma na hamdala. Ni kuwa duk lokacin da na ji ruwa na dukan kwanon ɗakina sai in tuna da soron Iya. Ana ba da hutu na bar yara wurin ubansu na kama hanya. Mota ta kai mu inda za ta iya, sauran muka ƙarasa a kwale-kwale, ta kan gonakin da bara ƙura ce a cikinsu.

Na tarar da kwanonin samirar nan da Yaya ke sa a ɓoye, an fito da su duka an jera a tsakar ɗaki, kowanne na tarar ɗigo. Iya ta ja gadonta zuwa kusurwa ɗaya da ta rage a bushe. Bangon gabas ya jiƙe har ciki, shatin yatsunta na ƙarshe ya kumbura yana ɓantarewa. Na roƙe ta ta koma maƙwabta, ta ce idan rana ta fito zai bushe. Ranar ba ta fito ba. Aka kwana ana yi, aka wuni ana yi, ba da ƙarfi ba, irin yayyafin nan mai naci da ke ratsa komai.

Bayan la'asar ina zubar da kwanoni a waje na ji wata ƙara daga sama, kamar an karya rake. Na shiga da gudu. Ƙasa na zubowa daga tsakanin azara, Iya kuma ta hau kan turmi da ta jawo, tana ƙoƙarin kwance igiyar goran Baba, amma igiyar ta jiƙe ta ƙi kwantuwa. Na ce ta sauko, ta ce saura kaɗan. Sai na rungumo ta ta tsakiya na ɗaga ta, ashe ba ta da nauyi ko kaɗan, tana dukan kafaɗata tana cewa in sake ta. Muna kaiwa bakin murhu ɗakin ya zauna. Ban ji wata babbar ƙara ba, wani gumm ne mai nauyi, sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bangon gabas ya kwanta ciki, soro ya bi shi, ƙofar kaɗai ta rage a tsaye da allon Yaya can gaba da ita, ko karcewa bai yi ba.

Mazan unguwa suka zo da gudu, suka tarar babu abin da za su yi. Suka tsaya cikin ruwa suna salati. Bulama ya zo yana jajantawa, idonsa a ƙasa, ni kuma na ƙi amsa masa. Iya ba ta yi kuka ba. Ta kalli ɗakin ta ce, da Badanci, yarenmu na gida, "Ya gaji," ta nemi wuri ta zauna.

Dole ta bi ni Nguru. Na ba ta ɗaki a gidana, na bulo da kwano, mai taga da ƙofar ƙarfe, irin wanda Yaya ke ganin shi ne ci gaba. Da rana ya zama tanda, da ruwa kuma ba ka jin maganar na kusa da kai. Ba ta taɓa kushe shi ba, amma a tsakar gida take wuni. Yaya ya aiko da buhun shinkafa da saƙon cewa aiki ya yi masa yawa, yana nan tafe. Ofishinsa da gidana, mai keke ba ya gumi tsakaninsu.

Da ruwa ya janye, sanyi ya shigo, Iya ta matsa sai mun je ta ga ko akwai abin da za a tono. Muka je. Tun daga bakin unguwa na hango jif a ƙofar gidanmu. Muka shiga muka tarar da Yaya tsaye a kan tudun da ɗakin ya zama, da 'yar sandarsa, manyan baƙin nasa sun kewaye shi. Bai gan mu ba. Yana gaya musu cewa wannan kufai ne na wani gida da mahara suka rushe a zamanin da, kuma idan suka duba da kyau za su ga ɓaraguzan tukwanen mutanen wancan lokaci. Wani dogo ya sunkuya ya ɗauki wani kasko mai zane a baki, ya tambaya ko zai iya tafiya da shi. Yaya ya ce ai babu komai. Bakin tukunyar kakata ce, wadda Iya ke ajiye daddawa a ciki.

Iya ta taɓa ni. "Me yake ce musu?"

Na gaya mata, kalma bayan kalma, ban rage komai ba. Sannan na shafa wa idona toka na taka har gindin tudun, na yi musu Turancin da nake yi wa 'yan aji. Na ce wannan da kuke gani ita ce mahaifiyata, nan ɗakinta ne, mahaifina ne ya gina shi, da daminar nan ya faɗi, da ƙyar na fitar da ita, kuma ya faɗi ne saboda wannan mutumin, wanda ta shayar, ya hana a yaɓe shi don ku riƙa ganin tsaga kuna ɗaukar hoto. Kowa ya ji. Dogon ya ajiye kaskon a hankali kamar zai ƙone shi. Wasu suka sunkuyar da kai. Wata kuma, Allah shi ne shaidata, ta ɗaga kyamara ta ɗauki Iya.

Yaya ya sauko, fuskarsa kamar an watsa masa toka. Na ɗauka yau dai Iya za ta faɗa masa. Sai ta kama hannuna ta matse, ta ce, "Ba a yi wa mutum haka a gaban baƙinsa." Ta juya wurinsa ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ɗana, ka rame. Ba ka cin abinci ne?" Ya durƙusa yana hawaye. Ni ko kaɗan hawayen nan bai taɓa ni ba, na ga wanda ya fi shi. Muka tono abin da ya tonu, ƙarfen gado da murfin samira, da ɓallin goran Baba wanda bai fi tafin hannu ba. Iya ta ƙulle shi a gefen zanenta.

Ya yi alkawarin zai sake gina mata ɗakin, na ƙasa, a wurin. Ta ce to, Allah ya ba da iko. Da muka hau mota ta ce mini ko ya gina ba shi ba ne, wanda ya gina wancan ya tafi.

Ba ta ƙara ganin wata damina ba. Ciwon ba wani babba ba ne, ta dai daina cin abinci sosai, ta daina fitowa tsakar gida. Da bazara ta yi tsanani, ɗakin kwanon na huci, nakan shiga in tarar ta juya fuska ga bango, hannunta na shafa siminti a hankali, baka-baka, yadda ta saba. Wata rana ta tambaye ni ko shamuwa ta sauka. Na ce ta sauka. Ta ce, "To an makara." Ta ce in yafe wa yayana. Na ce ta huta, kada ta wahalar da kanta da magana.

Ya zo jana'iza, ya yi kuka fiye da kowa, har mutane na ba shi haƙuri suna cewa ai shi ne ɗanta na gaske. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ƙofar ɗakin da na ba ta ƙunci gare ta, sai da suka karkata makarar kafin ta wuce, gefenta ya gogi ƙarfe ya yi ƙara. Ina tsaye a bayan mata ina kallo, shi yana riƙe da gaba, yana ce musu a yi a hankali kada a buge ta.